Yadda Ake Ɗaga Atam ɗin Hiliyam Zuwa Matakin da Yake Daɗewa

Abin da nake fara gaya wa ɗalibi shi ne ya tsabtace bututun gilashinsa. Zuƙe iskar ciki da famfo sosai, sannan ka saki hiliyam ɗan kaɗan, matsi kamar tor 1 (tor ma'aunin matsin iska ne). Haɗa wutar lantarki mai ƙarfi a bakunan biyu, ka riƙa ƙara ta sannu a hankali har haske ya kama. Kada hannunka ya kusanci wayoyin, wutar nan tana kisa.

A cikin hasken, ilektron ne ke gudu suna karo da atam. Wanda ƙarfinsa bai kai eV 19.8 ba (eV ma'aunin ƙarfin ilektron ne) sai ya bugi atam ya wuce, bai canza masa komai ba. Wanda ya kai kuwa yakan yi musayar wuri da ɗaya daga ilektron ɗin atam, ya bar atam ɗin a matakin ƙarfi na sama mai daɗewa da ake kira 2³S. Daga nan saukowa ta hanyar fitar da haske na da wuya ƙwarai, har atam ya kan wuce awa 2 a sama in ba abin da ya taɓa shi. A bututu ba ya kai daƙiƙa, bango da ƙazanta ke sauke shi. Nitrojin kaɗan ya isa: atam ɗin hiliyam ya juye wa nitrojin ƙarfinsa, ya fizge masa ilektron. Shi ya sa nake nacewa kan tsabta.

Karon ilektron na biyu da atam ɗin ne ya fi burge ni. Ilektron mai ɗan sama da eV 1 kacal ya isa ya haura da shi daga 2³S zuwa matakin da ke samansa, 2³P. In kana son sanin yawan atam ɗin da ke matakin 2³S, haska leza mai tsawon zango nanomita 1083 ta cikin bututun, ka auna yadda hasken ya ragu a ɗaya bakin, domin su ne ke shanye shi.