Yadda ake auna gudun ruwa daf da fuskarsa da leza da kyamara

Hanyar PIV, wato auna gudun ruwa ta hanyar ɗaukar hoton ƙwayoyin da ke tafiya da shi, a tsakiyar ruwa ba ta da wuyar sha'ani: ka barbaɗa ƙananan ƙwayoyi, ka haska su da shimfiɗaɗɗen hasken leza, ka ɗauki hoto biyu a jere, kwamfuta ta lissafa nisan da suka matsa. Wahalar tana cikin milimita biyu ko uku na ƙarshe kafin fuskar ruwan, inda igiyar ruwa ke hawa da sauka. Kafin ka yarda da duk gudun da ka samu a wurin, sai ka san takamaiman inda fuskar take a kowane hoto.

Fara da ƙwayoyin. Masu sheƙi sun fi dacewa, wato na roba da aka cusa wa rinin Rodamin B, masu kaurin maikuromita 20 zuwa 50. Lezar Nd:YAG tana ba da koren haske mai tsawon zango nanomita 532, su kuwa ƙwayoyin sai su mayar da haske ruwan lemo. Sa matacin haske a bakin kyamara wanda ke tare duk abin da bai kai nanomita 550 ba, walƙiyar da fuskar ruwa ke yi za ta ɓace. Kada ka jiƙa su da sabulu don su nutse. Ɗigo ɗaya ya isa ya sauya ƙarfin tsaurin fuskar, har ya kwantar da ƙananan igiyoyin da kake son aunawa. Ka riƙa yaɗe saman ruwan kafin kowane gwaji.

Shigo da hasken ta ƙasan tanki, kaurinsa kamar milimita 1. In ya shigo ta sama, kowace igiya za ta lanƙwasa shi, hoton ya fito da zane-zanen haske da duhu.

Wurin ajiye kyamara shi ne ke ba mutane ciwon kai. In ka daidaita ta da layin ruwa, ruwan da ke ɗan hawa jikin gilashi zai tare maka daidai wurin da kake nema. Saukar da ita, ta leƙo sama da digiri 5 zuwa 10, ka sa mata mahaɗin Scheimpflug domin hoton ya fito tar daga sama har ƙasa. Sai dai daga ƙasa fuskar ruwa madubi ce: hasken da ya buge ta a karkace fiye da digiri 48.6 daga miƙaƙƙen layi dawowa yake yi gaba ɗaya. Don haka kowace ƙwaya da ke kusa za ka ga 'yar tagwaitarta a sama da layin, in wannan ta hau waccan ta sauka. Bar su a lissafi, gudun sama da ƙasa ya fito kusan sifili, alhali ruwan na motsi.

Maganin shi ne kyamara ta biyu da ke leƙowa ta sama a karkace, da ɗan rini mai sheƙi a ruwan. Inda haske ya yanke, nan fuskar take. Daidaita ma'aunin kyamarorin biyu da allo ɗaya mai ɗigo-ɗigo, daidai inda hasken ke ratsawa, sannan su ɗauka lokaci guda. Kowane hoto da nasa layin da za a shafe abin da ke samansa.

Tazarar hotuna kuwa lissafi ce. A ce faɗin santimita 10 ya cika fiksel 2000, kowane fiksel milimita 0.05 ke nan. Kwamfuta tana raba hoton gida-gida don lissafi, kowane gida shi ne taga. A taga mai fiksel 32, kada ƙwaya ta matsa fiye da rubu'i, wato fiksel 8 ko milimita 0.4. Ruwa mai gudun mita 0.2 a daƙiƙa zai ci wannan nisa cikin milisakan 2. Kowace taga ta samu ƙwaya 8 zuwa 10, kowace ƙwaya ta fito fiksel 2 zuwa 3. In girman ƙwayar ya gaza haka, sakamakon zai riƙa manne wa cikakkun lambobin fiksel. Matse ƙofar hasken kyamara zuwa f/8 ko f/11 ƙwayar ta ɗan ƙara girma a hoto.

Tagar da layin ya raba biyu ma tana ruɗi, domin ƙwayoyinta sun taru a ƙasa amma ana rubuta gudun a tsakiyarta. Ko ka mayar da shi tsakiyar ɓangaren da ke cikin ruwa, ko ka miƙe hoton fuskar ta zama layi ɗaya kafin lissafi. Haka wajen fitar da matsakaici: auna zurfi daga fuskar da ke motsi, domin wuri ɗaya a tanki yanzu ruwa ne, an jima iska.