Yadda za ka rubuta matsayinka a LinkedIn ba tare da ka aro rawanin wani ba

Shekarata tara ina tace takardun masu neman aiki a wata masana'antar robobi da ke Sharada a Kano. Bara mun nemi wanda zai riƙa kula mana da kwamfutocin ofis. Cikin waɗanda suka nema akwai wani matashi da ya rubuta CEO, wato shugaban kamfani, a ƙarƙashin sunansa a LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki. Maigidanmu ya duba, ya ce mini, "Malam, wannan ko ya fi ƙarfin albashinmu, ko kuma ba gaskiya ya faɗa ba." Aka ajiye takardarsa gefe.

Bayan wata uku na kai wayata gyara kasuwar waya ta Farm Centre, ashe shi ne mai shagon. Tebur ɗaya, yara biyu suna koyo a hannunsa, ga iya aiki. Irinsa muke nema tun farko. Har yau abin yana damuna, shi ya sa nake rubuta wa ƙannena wannan.

Ka fara da tambayar kanka: idan aka buga wa wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa waya, zai amsa cewa wannan ne matsayina? Mu kam muna bugawa, kuma Kano duk girmanta, 'yan sana'a ɗaya sun san juna. Abin da ke rubuce a takardar ɗaukarka aiki shi za ka sa. Idan mataimakin akawu aka ɗauke ka, kar ka koma manajan kuɗi don kawai kai ke kai kuɗi banki.

Idan sana'ar taka ce, ɗauko takardar rajistarka ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka duba. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, mai shi ne, ba darakta ba. Wanda ya yi rajistar kamfani shi ke da darakta, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma zai iya buɗe ƙaramin kamfani. To ko doka ta ba ka sunan darakta, ka faɗi girman wurin: ku nawa ne, me kuke sayarwa, a ina. Ni a wurina "mai shagon gyaran waya da kwamfuta, da ma'aikata biyu" ya fi CEO nauyi, domin ina iya ganin shagon a idona.

Akwai sunayen da ba a wasa da su. A garin nan muna kiran makanike injiniya, mai kemis kuma likita, don girmamawa, kuma ban ga laifin haka a baki ba. Rubutu daban. Hukumar COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma kamfanin da ya san abin da yake yi zai nemi lambar rajistarka. In ba ka da ita, rubuta abin da ka karanta da aikin da hannunka ya iya.

Layin da ke ƙarƙashin sunanka yana ɗaukar haruffa har 220. A nan nake so ka fi ɓata lokaci. Cika shi da aiki da adadi, amma adadin da za ka iya karewa in an tsare ka da tambaya. Ga abin da na ba mai gyaran wayar nan shawara ya sa: yana gyaran waya da kwamfuta shekara shida, yana haɗa intanet a ƙananan ofisoshi, ya koyar da yara huɗu. Duk wanda ke neman irin wannan aikin, waɗannan kalmomin zai buga ya bincika, ba CEO ba.

Kar kuma ka raina ƙaramin suna. Yaron shago a Kantin Kwari da ke riƙe lissafin diloli, ya san abin da ya shigo sito da abin da ya fita, yana bin bashin 'yan sari daga Maraɗi da Damagaram, aikin mai kula da kaya yake yi. Ya rubuta hakan dalla-dalla, da shekarun da ya yi. Haka mai bautar ƙasa: ya ce bautar ƙasa ce, sannan ya lissafa abin da aka damƙa masa a wurin.

Idan ka riga ka zuzuta, gyara shi yau, ba wanda zai tuhume ka. Ka tabbata sunan matsayi da watannin farawa da gamawa sun yi daidai da na takardar neman aikinka, don muna ajiye su gefe da gefe mu kwatanta. Daga nan ka je wurin tsohon maigidanka, ka gaishe shi, ka roƙi ya rubuta maka shaida ko layi uku ne a shafinka, da sunansa da matsayinsa.