Tashin matattu: wuraren da muka fi yin tuntuɓe

Makon jiya mun je gaisuwar mutuwa a Mabera, wani dattijon cocinmu ne ya rasu, muna zaune kan tabarma sai wani matashi ya durƙusa ya ce wa uwargidan "Mama ki yi haƙuri, ai Baba ya riga ya tashi, yana can sama." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, amma maganar ta tsaya min a rai, don ita ce kuskuren da na fi ji a bakin 'yan'uwa nan Sakkwato.

Tafiyar rai wurin Ubangiji daban, tashin matattu daban. Bulus da kansa a Filibiyawa 1:23 ya ce ya fi son ya tafi ya zauna da Almasihu, wannan gaskiya ne, amma tashin da annabci ke magana a kai na jiki ne, kuma bai zo ba tukuna. Ka buɗe Luka 24, da Yesu ya bayyana almajirai sun ɗauka fatalwa ce, sai ya ce su taɓa shi su ji nama da ƙashi, har suka miƙa mai gasasshen kifi ya ci a gabansu. Kabarin ma wayam aka same shi. Masu cewa wai tashin ya riga ya wuce ba yau suka fara ba, a 2 Timoti 2:17-18 an kira sunan Himinayus da Filitus, an ce suna rushe bangaskiyar mutane da wannan koyarwa.

To daga nan tambaya take tasowa, kuma ni ban ga laifin mai yinta ba. Wata uwa a zumuntar mata ta taɓa tambayata, ta ce ɗana, wanda kwale-kwale ya kife da shi a gulbi ba a ga gawarsa ba fa, da wane jiki zai tashi? Mutanen Koranti ma haka suka tambaya, amsar tana 1 Korantiyawa 15 daga aya 35, kuma duk wanda ya taɓa shuka gero zai gane ta nan take. Ƙwaya 'yar mitsitsiya ka jefa a rami ka take da diddige, ruwan farko ya sauka ta ruɓe a ƙasa, wata uku ka dawo ka tarar da kara ya fi ka tsawo da zangarniya a kai, in ka tona ba za ka sami ƙwayar ba amma ai geron nan dai shi ne, ba dawa ce ta fito ba. Haka Bulus ya ce ana shuka jiki mai ruɓewa a tashe shi marar ruɓewa. Allahn da ya yi mutum da ƙasa tun farko ba sai an ajiye mai ƙasusuwa cif-cif ba.

Shi ya sa bai kamata a riƙa kawo Li'azaru, wanda Yesu ya tashe shi daga kabari, a matsayin misalin tashin ƙarshe ba. Shi da ɗiyar Yayirus, wadda ita ma Yesu ya tashe ta, tsohuwar rayuwa suka dawo, mutuwa na jiransu a gaba. Yesu ne aka kira nunan fari, wato na farkon da ya tashi ba zai ƙara mutuwa ba.

Kwarin busassun ƙasusuwa na Ezekiyel 37 kuwa, muna son shi a wa'azi amma ba ma kaiwa aya 11, inda aka faɗa ƙarara cewa ƙasusuwan jama'ar Isra'ila ne da ke bauta a Babila suna cewa begensu ya ƙare. Ka karanta surar har ƙarshe kafin ka ɗora mata ma'ana. Wasu kuma suna ganin masu bi kaɗai za su tashi, alhali Daniyel 12:2 da Yahaya 5:28-29 sun nuna kowa zai fito, wasu ga rai wasu ga hukunci.

Batun tashin farko da mulkin Almasihu na shekara 1,000 a Wahayin Yahaya 20 shi ne ke kawo musu har a daina gaisawa, abin na ba ni baƙin ciki. Wasu malamai suna ɗaukar shekarun yadda aka rubuta, shi kuwa Agustin, malamin coci na zamanin da, na garin Hippo a Aljeriya ta yanzu, ya fassara tashin farko da sabuwar haihuwar mai bi. Duka ɓangarorin sun yarda da tashin jiki a ƙarshe, don haka ka riƙe fahimtarka kar ka kafirta ɗan'uwanka.

Sai masu sa ranar dawowar Almasihu, bidiyonsu na yawo a WhatsApp duk lokacin da aka yi yaƙi ko husufi. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira 22 ga Oktoba 1844, wani mai wa'azi Harold Camping ya ce 21 ga Mayu 2011, har wasu suka kashe dukiyarsu wajen tallar ranar. Matiyu 24:36 ya riga ya ce ko mala'iku ba su san ranar ba. In an turo maka kar ka tura gaba.

Kafin mu tashi daga gidan makokin na ja yaron gefe muka buɗe 1 Tasalonikawa 4:13-18, na nuna mai inda aka ce matattu cikin Almasihu su za su fara tashi sa'ad da Ubangiji ya sauko. Ya koma ya karanta wa Mama a hankali, ta ce ya sake karanta mata aya 16.