Kurakuran da ɗalibanmu ke maimaitawa a tarukan tarihin zane da adana kayan tarihi

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane sabon rukunin ɗalibai, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta. Yaranmu Hausawa na Gadarif da Kasala da Sinnar da Umdurman sun fara shiga fannin tarihin zane da adana kayan tarihi, kuma wallahi abin yana faranta mini rai. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 tarukan da aka saba yi a Khartum suka watse, wasu suka koma Bur Sudan, wasu Alƙahira, da yawa kuma ta intanet ake yin su. Wuri ya sauya, amma kurakuran suna nan yadda na san su.

Na farko, wanda har yau idan na tuna raina yake ɓaci, shi ne a aro littafin gado na asali a kawo wurin taro, sannan wani ya ce bari ya gyara shi.

Kafin yaƙi wasu ɗalibai sun shirya baje kolin rubuce-rubucen hannu a gefen wani taron ƙara wa juna sani. Suka roƙe ni in sa baki wajen wani dattijo a wani ƙauye kusa da Maiwurno, wanda kakansa ya taho da littattafansa daga yamma cikin ayarin da ya yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Dattijon bai san su ba, ni ya sani. Ya ciro gafaka daga akwatin ƙarfe ya ce, "Ɗana, don kai na bayar. Yadda ka karɓa haka za ka mayar." Littafin fiƙihu ne, da waƙoƙin wa'azi na ajami a ƙarshensa, falle-falle ba ɗinki, yadda malamanmu suka saba. Daren da za a buɗe baje kolin, wani ɗalibi mai ƙwazo ya ga gefen fallayen farko ya yage. Ya sayo salatif ya bi yagar ya manne. Waɗanda ya ga sun fi jin jiki kuma ya kai shagon fotokwafi aka rufe su da leda a injin zafi. Da safe ya zo yana nuna mini cikin murna.

Ni na mayar da littafin, ni na zauna gaban Baba Malam. Bai ɗaga murya ba. Ya duba fallayen ɗaya bayan ɗaya, ya mayar cikin gafaka, ya yi mini addu'ar sauka lafiya. Daga ranar babu gidan da ya sake buɗe mini akwati a ƙauyen, kuma aikin da na daɗe ina yi na rubuta sunayen littattafan gidajensu ya tsaya cak. Har yau bai tashi ba.

Ku fahimci abin da salatif ke yi. Gam ɗin da ke jikinsa yana narkewa a zafinmu da ke haura digiri 40, ya shige cikin takarda, ya bar tabo ruwan ƙasa. Bayan shekaru ledar ta faɗi, gam ya zauna. Idan ka yi gaggawar ɓarewa tawada ta biyo shi. Injin zafi kuwa ya fi muni, domin yana narka ledar ta kama takardar gaba da baya, babu cirewa. Kuma ita takardar kanta shaida ce. Da yawan littattafanmu na ƙarni na 19 an rubuta su ne a kan takardar arewacin Italiya mai alamar jinjirin wata uku, wadda ake gani idan an ɗaga ta a haske. Da wannan alama, da kaurin takarda, da irin tawadar, masana ke kimanta shekarun littafi. Wanda ya rufe falle da leda ya hana duk mai zuwa bayansa ya taɓa, ya auna, ya gwada. Masu gyara na gaskiya suna amfani da siririyar takardar Japan da dafaffen sitacin alkama, saboda ɗan danshi kaɗan ya isa a warware aikin idan an samu wanda ya fi iyawa. Gyaran da ba a iya warwarewa ba a yin sa, kuma ko mai warwaruwar ba aikin ɗalibi ba ne a daren jajibirin taro.

Ni dai tun daga nan ban ƙara yarda asali ya bar gidan masu shi ba. Wasu abokan aiki suna ganin na tsananta, suna cewa ganin asali yana ratsa zuciyar mai kallo fiye da hoto. Gaskiya suka faɗa, amma ba su suka zauna gaban dattijon ba. Abin da nake sa ɗalibaina shi ne su je gidan, su ɗauki hoto a inuwa mai haske, su buga shi daidai girman fallen, shi za a baje.

Idan kuwa dole sai an kawo asali, to a ƙirga fallaye a gaban mai shi, a ɗauki hoton kowanne gaba da baya, a rubuta takarda ku sa hannu ku biyu. Mutum ɗaya zai riƙe makullin akwatin nuni, ba kwamiti ba. Kada a raba fallaye a bazu a tebur. Kalmar nan da marubuci ke sawa a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba ita ce jagorar jeri, kuma idan an hargitsa littafi mai falle ɗari uku sai an sha wuya kafin a mayar. Haske kada ya wuce ma'aunin luks 50 da gidajen tarihi ke bi ga takarda da tufa, wato ban da bakin taga, ban da tsakar fili. A kashe fanka a kansa, a rufe tagogi saboda ƙurar habub. Jabana da shayi da zoɓo a sha su a waje. Tawadar malamai da ƙaro ake haɗa ta, ɗigon ruwa ko gumin yatsa ya isa ya shafe layi. Safar hannu ta auduga da kuke sawa don a ɗauke ku hoto ku cire ta, tana kashe jin yatsa har a yaga gefe. A wanke hannu a shanya shi ya bushe. Safa ta taɓa kayan ƙarfe ce da tsofaffin hotuna. Fensir kaɗai ake riƙewa kusa da littafi. Idan Alƙur'ani ne kuwa, ladabinsa yana nan ko a ɗakin taro, ba kowane mai wucewa zai sa hannu ba.

Wannan son gyaran gaggawa yana fitowa a muƙaloli ma. Sau nawa zan ji ɗalibi ya kammala magana a kan gine-ginen Sawakin, tsohon garin nan na bakin Bahar Maliya, da shawarar a shafe su da siminti? Da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina su. Siminti ya fi dutsen ƙarfi, yana kulle danshi da gishirin teku a ciki, dutsen ya riƙa marmashewa ta baya alhali fuska tana sheƙi.

Kuskure na biyu shi ne hoto ba bayani, da tara aiki duka a wuri ɗaya. A nan ma zan yi faɗa, domin mu 'yan Sudan ba mu da uzuri. Gidan Tarihi na Ƙasa da aka buɗe a Khartum a 1971 shi ke riƙe da haikalan Buhen da Semna da Kumma da aka kwaso kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurarensu, da zanen bangon cocin Faras da ayarin ƙasar Folan ƙarƙashin Kazimierz Michałowski ya tono tsakanin 1961 da 1964, wanda fiye da 60 daga cikinsu suna Warso. An wawashe gidan nan a wannan yaƙi, har a watan Satumban 2024 UNESCO ta yi kira ga dillalai da masu saye su guji kayan tarihin Sudan. To da me ake ƙwato abin da aka sace idan ya ɓulla a kasuwar wata ƙasa? Da hoto, da lamba, da awo, da rubutun inda yake ajiye. Amma sai ɗalibi ya haska mana kyakkyawan hoton tukunya a majigi, babu rula a gefenta, babu lamba, babu kwanan wata. Ka tambaye shi tsawonta ya nuna maka da hannu. Haba ƙanena! Wannan hoton na kallo ne kawai, ba zai tsaya shaida a ko'ina ba.

Na san yara da suka bar aikin shekaru a kwamfuta ɗaya a ɗakin kwanan ɗalibai ranar da suka gudu daga Khartum da kayan jikinsu. Ni wuri uku nake ajiye komai: filash a aljihuna, kwafi a intanet, da bugaggen kundi a hannun ɗan'uwa a wani gari. Kafin in duba tsakuren ɗalibi, wato taƙaitaccen bayanin muƙalar da zai gabatar, sai ya nuna mini nasa ukun.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Sun gano zanen dutse ko tsohon kufai, sai su sa taswira da lambobin wurin a majigi, da yamma su ɗora a Facebook. Kun manta abin da masu neman zinariya suka yi wa Jabal Maragha a hamadar Bayuda a 2020, suka shiga da manyan injinan haƙa suka mayar da wurin ƙaton rami? Kwaɗayin nan tsoho ne, shi ya sa Giuseppe Ferlini ɗan Italiya ya rusa dalolin Bajarawiya, wato kaburburan sarakunan tsohuwar daular Kush, a 1834, zinaren sarauniya Amanishakheto ya ƙare a Munik da Balin. Takamaiman wuri hukumar kayan tarihi ta ƙasa ake ba wa, a taro a ambaci yanki kawai. Haka sunan gidan da ke da littattafai, ba a faɗa sai da izinin masu gidan. Kayan da aka saya a kasuwa ba a san asalinsu ba kuwa kada ku gina muƙala a kansu, domin rubutunku shi dillali zai nuna gobe ya ƙara kuɗi.

Zaɓen maudu'i ma yana ba ni takaici. Kowa dala, kowa Kush, ana maimaita abin da aka karanta. Ga allon zayyana na saukar Alƙur'ani, ga adon gafaka, ga ɗinkin hula da babbar riga, ga rubutun warash da kuka taso kuna karantawa a makarantar allo, wanda abokan karatunku da yawa ba sa iya bin sa. Ibrahim El-Salahi ɗan malamin addini ne a Umdurman, daga harafin da ya gani a gida ya gina zanensa, har gidan Tate Modern na Landan ya baje aikin rayuwarsa a 2013. Abin da ke gidajenku ya isa muƙala, kuma ku kuka fi kowa damar shiga.

Sauran ƙanana ne. An ba ka minti 15, kada ka cinye 10 a gaishe-gaishen manyan baƙi da tarihin Nubiya tun daga farko. Sallama ɗaya, ka shiga maganarka. Kada tsakure ya yi alkawarin abin da ba ka riga ka gano ba. Majigi na hoto ne, kada ka cika shi da rubutu ka juya mana baya kana karantawa. Ka zo da bugaggun hotuna, wuta tana ɗaukewa. Ka ambaci mai zayyanar ko baduku da ya yi maka bayani idan ya amince, ilimin nasa ne. Taron da ya karɓi tsakurenka cikin awa guda ya kuma nemi dalar Amurka, ka bincika shi sosai kafin ka tura kuɗi. Manyan tarukan fannin suna sanar da lokaci tun da wuri, kamar taron nazarin Nubiya na duniya da ake yi duk shekara huɗu, wanda aka yi a Faris a 2018 da Warso a 2022, don haka wanda ya makara shi ya so. Idan malami ya yi maka tambaya mai wuya, ka rubuta ta, ka same shi bayan an tashi.

Sai washegarin taro, ranar da kwamiti ke watsewa kowa ya kama gabansa. A jadawalina mayar da kayan aro yana da rana da sunan mai kaiwa tun kafin a buga takardar gayyata. Wanda ya karɓo shi zai mayar da ƙafarsa, ba a ba direban mota saƙo. Ya zauna ya ƙirga fallayen a gaban mai su, su duba da hotunan ranar karɓa, ya bar masa bugaggen kwafi da na muƙalar da aka gabatar, sannan ya karɓi takardar da suka sa wa hannu.