Iskar ake so ta yi sanyi, ba motar ba: kurakuran da aka fi yi wajen canza lagireton intakula

Duk mai a-kori-kura mai sufacaja ya san wannan ciwon. Da sassafe ka taka totur, mota ta zabura kamar an tsikare ta. Da azahar kuwa, bayan taku biyu ko uku masu ƙarfi, sai ka ji ta yi nauyi kamar an ɗaura mata tirela. Inji lafiyarsa ƙalau. Sufacaja matse iska yake yi, iska kuma in aka matse ta zafi take ɗauka: a ranar da gari ya kai digiri 40, tana iya fitowa daga cikinsa ta haura digiri 100. Da kwamfutar mota ta ga haka sai ta ja tayimin baya, wato ta jinkirta tartsatsin fulogi, don kada fistin ya ci wuta, ƙarfi ya tafi.

Motoci irin su Ram 1500 TRX mai ƙarfin doki 702, da Ford F-150 Raptor R, da tsohuwar Lightning ta 1999 zuwa 2004 mai sufacajan Eaton, duk da ruwa suke sanyaya wannan iskar. Haka ma yawancin waɗanda aka ɗora wa na Whipple ko Roush ko Magnuson daga baya. Akwai intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da aka matse, a cikin gidan sufacajan, ruwa na ratsa shi yana kwashe zafi, famfon lantarki ya tura ruwan zuwa wani ƙaramin lagireto da ke can gaba bayan bamba, iskar hanya ta huce shi, ya koma. Wannan ƙaramin lagireton shi ake cirewa a sa babba. Ruwansa daban yake da na inji, ba sa haɗuwa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma ya fi cin rai, shi ne barin iska a cikin layin ruwan. An taɓa kawo mini wata F-150 da aka sa wa sabon lagireto mai tsada a wani gareji. Mai ita ya shigo yana huci: "Maigida, kuɗina sun tafi a banza, gara ma tsohon." Muka zaga da ita, muka dawo, na sa hannu ta ƙasan bamba na taɓa sabon lagireton. Sanyi ƙalau, kamar randa. Alhali na'urar sikanin tana nuna iskar da ke shiga inji ta yi zafi sosai. Na kasa kunne wajen famfo, sai wani kuka siriri yake yi da ɗan ƙululu, alamar iska yake juyawa ba ruwa ba. Irin wannan famfon ba ya iya zuƙo ruwa da kansa. In iska ta zauna a bakinsa, sai ya yi ta wulwulawa a banza.

Gyaransa ba kuɗi yake ci ba, haƙuri yake ci. Buɗe murfin tankin ruwan intakula, ka cika shi, ka kunna famfon shi kaɗai ba tare da tada inji ba, ko dai da na'urar sikanin ko ta wajen rile ɗinsa, wato makunnin da ke ba shi wuta. Ka riƙa matsa tiyo da hannu, kana kashewa kana kunnawa, kana ƙara ruwa duk sanda ya sauka. Abin da kake jira shi ne ka ga ruwa na dawowa cikin tanki da ƙarfi, a miƙe, ba kumfa, ba tsartuwa. In akwai na'urar da ke zuƙe iska kafin ta cika ruwa, ita ta fi. Kuma kada ka bar famfo ya daɗe yana aiki a bushe, zai mutu. Washegari, bayan mota ta kwana, sake duba tankin. Sau da yawa za ka tarar ya sauka.

Na biyu ɗan uwan na farko ne: a sayi ƙaton lagireto a bar shi da tsohon famfo da ya gaji. Lagireton da ruwa ke zagaya shi sau biyu kafin ya fita yana da kyau, amma ya fi wahalar turawa. In famfo ba shi da ƙarfi, ko an lanƙwasa tiyo ya tsuke a wata kwana, ko an haɗa da ƙaramin bututu don shi ke kusa, to an yi ba a yi ba. Wasu na cewa wai gara ruwa ya tafi a hankali don ya samu lokacin hucewa. Ban yarda da wannan ba. Ruwan da ya daɗe a gaba yana hucewa, ɗan uwansa ya daɗe ke nan a cikin intakula yana dahuwa. In ka sa famfo mafi ƙarfi, ka ba shi wayarsa da fis da rile daidai da wutar da yake ja, kuma ya zauna ƙasa da tanki don ruwa ya gangaro masa.

Sai batun kauri. Ido na son abu mai kauri, amma a bayan wannan lagireton akwai kwandansan AC, akwai lagireton inji, sau da yawa har da na man giya, kuma duk iska ɗaya suke jira. Ka toshe gaba da katanga, sai ka magance zafin intakula ka sayo zafin inji, AC kuma ya daina sanyi a cunkoso. Faɗi da tsayi sun fi kauri amfani. Robobin nan baƙaƙe da ke gefe da ƙasa, waɗanda yaran gareji ke jefarwa don sun hana sabon abu zama, su ne ke tilasta wa iska ta bi ta cikin lagireto maimakon ta zagaye shi. A yanka su daidai, a mayar. Wanda kuma ya jera ƙarfen kariya da manyan fitilu da lambar mota a daidai bakin iskar, shi ya san abin da ya yi wa kansa.

Ruwan da ake zubawa ma magana ce. Ruwa zalla ya fi kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa, ɗaukar zafi, shi ya sa haɗin rabi da rabi, wanda aka yi domin ƙasashen ƙanƙara, ba dole ba ne a Sakkwato ko Maiduguri. Amma kada a ce to sai ruwan rijiya ko na burtsatse: gishirinsa zai daskare a siraran hanyoyin alminiyon, ya ci su. Tataccen ruwa ake so, da kulan gwargwadon da zai hana tsatsa. In ka aiki yaro sayen "ruwan batir", ka tabbatar tataccen ya kawo, ba asid ba.

Akwai masu sa sabon lagireto, a ranar kuma su rage girman fuli, wato ƙarfen da bel ke juyawa a kan sufacaja, don sufacajan ya ƙara gudu. Ƙarin matsi ƙarin zafi ne, sai riba ta tafi a nan take, a rasa wanda za a zarga. A yi ɗaya, a auna, sannan a yi ɗayan.

Aunawar nan ita ce mutane ke tsallakewa. Kafin a kwance ko noti ɗaya, haɗa na'urar sikanin, ka nemo sensar zafin iska ta bayan intakula, wadda ake rubutawa IAT2, ba ta bakin matatar iska ba. Rubuta zafin gari, ka yi taku uku a hanya ɗaya, ka ga inda lambar ta kai da kuma daƙiƙa nawa take yi kafin ta sauko. Bayan aiki ka maimaita a hanya ɗaya, a lokaci ɗaya na rana. Kada ka sa ran ganin lambar ta sauka ƙasa da zafin gari, lagireto ba firiji ba ne. Saurin saukowarta shi ne abin da ka biya. In kuma bayan wata biyu na hunturu ka ga ta fara hawa, leƙa gaba tukuna: ƙura da ƙwari sun like haƙarƙarin lagireton. Wanke shi da ruwa mai sauƙin ƙarfi, a miƙe, don injin wankin mota mai feshi kwantar da su yake yi.