Shawara ga malaman makarantun koyon aikin jinya

Assalamu alaikum, abokan aiki. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar gajiyar aiki a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, kuma ta ambaci alamominta uku: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga ran mutum, da raguwar ƙwazo. Malamin jinya yana cikin haɗarin wannan matsala sosai, domin da safe yana aji, da rana yana bin ɗalibai a ɗakunan marasa lafiya, da dare kuma yana duba takardun jarrabawa.

Shawarata ita ce ku ƙayyade lokacin amsa saƙonnin ɗalibai a WhatsApp, misali zuwa la'asar, ku sanar da su tun farkon zangon karatu, sannan duk tambayar da ba ta gaggawa ba ta bi ta hannun shugaban aji. A ganina, wayar nan ta fi komai cinye lokacin iyali.

Haka kuma, ku zauna da shugaban sashe a rubuta jadawalin zagayen asibiti, a raba shi daidai, kowa ya san ranar da zai ɗauki hutunsa na shekara kafin hidimar jarrabawar ƙarshe ta kankama.