Hita a Motar Albarusai: Kurakuran da Ke Jawo Gobara

Yaron da ya tashi a Nima ko Mamobi bai san hita ba, rigar sanyi ɗaya ta ishe shi hunturun Accra. Sai ya shiga soja, a tura shi aikin kiyaye zaman lafiya kudancin Labanon, sanyin Janairu ya ratsa ƙashinsa, ya kai hannu kan makunnin da bai taɓa gani ba, a motar da ke maƙare da albarusai. Kurakuran iri ɗaya ne kullum, har na gaji da ganinsu.

Hitar irin waɗannan motoci murhu ce. Ƙaramin famfo na jawo dizal daga tanki, fulogi ya yi jajir ya kunna shi cikin tukunyar ƙarfe, fanka ta hura iska ta jikin tukunyar zuwa cikin mota, hayaƙi ya fita ta salansa. Wuta ce ke ci, taku kaɗan daga harsasai.

Babban kuskure shi ne kashe makunnin batir da zarar an kashe hita. Ƙanena, hita ba rediyo ba ce! In ka kashe ta, famfo ne ya tsaya, amma fanka za ta ci gaba da juyawa minti biyu zuwa uku don ta ƙone sauran man ta kuma huce tukunyar. Ka yanke mata lantarki, zafin ya maƙale ciki, ƙarfe ya lanƙwashe, a kwana a tashi ya tsage, ragowar man kuma ya kwanta a ƙasa yana jiran kunnawa ta gaba. Ni dai ba na taɓa makunnin batir sai na ji fanka ta yi shiru da kanta, na kuma sa bayan hannu a bakin iskar na ji ta huce.

Na biyu ɗan'uwan na farko ne. Hita ta ƙi kamawa, sai ka ga mutum yana danna makunni sau biyar, sau shida, kamar mai fama da tsohuwar tasi. Kowace dannawa mai kake zubawa cikin tukunya. Lokacin da fulogi ya kama, duk man nan zai tashi gaba ɗaya, harshen wuta ya fito ta salansa. Ƙa'idata sau biyu ce. In ta ƙi, ko ka ga farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal, rufe man, rataya takarda a makunnin, kira makanike.

Wanda ke ganin na cika tsanani ya tambayi labarin sansanin Doha a Kuwait. Ranar 11 ga Yuli 1991, lalatacciyar hita ta kama wuta a motar sojan Amurka ƙirar M992 mai ɗauke da harsasan igwa milimita 155. An yi ƙoƙarin kashewa, ta gagara. Motoci 102 suka lalace ko suka ƙone, sojan Amurka 49 suka jikkata, da yawansu wajen tsallake katanga. Wasu uku suka mutu daga baya wajen kwashe harsasan da suka warwatse. Motocin na jere kusa da juna, kowace da kayanta, shi ya sa wutar ta yi ta tsallakawa.

Sai masu dabarar gareji. Fis ya ƙone, a naɗa masa waya. Makunnin da ke yanke mai in zafi ya yi yawa yana damunsu, a haɗe shi kai tsaye. Wannan ganganci ne da ran mutane. Abin da ya yanke wutar yana faɗa maka akwai cuta, ita za ka nema.

Sauran gajeru ne. Kada a jingina tamfol, tsumma ko jakar barci a bakin iska ko kusa da salansa. A shafa tiyon mai da farin ƙyalle kafin a kunna, danshi kaɗan ma yoyo ne. Kada a bar hita na ci ba kowa, kada kuma a yi barci a ciki, hayaƙinta na kisa ba tare da wari ba.

Tukunyar kashe gobara ta minti na farko ce, tun wuta na jikin hita. In ta kai ga buhunan albarushi, ajiye ta: albarushi yana ɗauke da iskar da yake ci da ita, ba a toshe masa numfashi. Yi ihu, kori mutane, ku bi hanyar fitar da kuka riga kuka sani.